Tsarabar da Ta Kusa Raba Mama da Gidanta

Shekaru suna goge abubuwa da yawa daga kan mutum, amma ranar da likita ta zazzage kwandon mahaifiyata a kan tebur ba ta cikin waɗanda za su goge mini. Ko yanzu na rufe ido ina jin ƙarar kwalaye da kwalabe suna zubowa, kuma duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi. Ina jin haushin yayana, ina jin haushin ƙanwata, ina jin haushin wasu manyan likitoci da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Akwai kuma wadda na fi jin haushinta duk cikinsu, za mu zo kanta.

Mu uku ne a wurin Mama. Yayanmu ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, ƙanwata tana aure a Jos, ni kuma ta tsakiya ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan. Tun da Baba ya rasu Mama ke zaune ita kaɗai a gidanmu na Kagoro, can gindin dutse, da kajinta da gonar cittarta. Kada ku ji na ce ita kaɗai ku ɗauka wata abar tausayi ce. Ta haura saba'in, amma ita ke buga babban tulu a zumuntar mata ta majami'armu, in ta ɗora tafin hannu a bakin tulun nan har bakin titi ana jin sa. Ita ke raba faɗan maƙwabta, ita ke sanin wanda ya yi mako biyu bai zo sujada ba. Ciwonta biyu ne kacal, hawan jini da gwiwa.

Hawan jinin kuwa yana da mai kula da shi. Akwai wata likita a wani ɗan asibiti a Kafanchan, mace mai sanyin magana, wadda ta yi shekara da shekaru tana duba gidanmu. Ita ta yi jinyar Baba har ya cika. Ita ta duba ni lokacin da nake da cikin 'yata, kuma ita ke duba yarinyar in ta yi zazzaɓi. Duk wata Mama za ta shiga bas ta zo, a auna ta, su taɓa hirar citta da ta jikoki, a sabunta mata ƙwaya ɗaya tak da take sha kullum da safe. A jikin ƙofar ofishin an rubuta likitan iyali. Ni a lokacin na ɗauka adon rubutu ne kawai, ban san fanni ne mai zaman kansa da mutum ke ƙara shekaru yana koyo bayan ya zama likita ba.

To, a wajenmu duk wanda ya fita ya samu, Kirsimeti ce lokacin da zai nuna. Da can atamfa da shinkafa da man gyaɗa ake kawo wa tsofaffi. Yanzu an ci gaba. Tsarabar da ta fi daraja ita ce a ce ɗanka ya ɗauke ka ya kai ka babban asibiti, ka ga babban likita, ka dawo da leda cike da magani mai kwali mai ƙyalli. Ku tsaya a bakin majami'a bayan sujada ku ji tsofaffi suna gasa: “Yaro na ya kai ni Abuja, har an sa ni cikin inji.” Wanda 'ya'yansa ba su kai shi ko'ina ba sai ya gyara hula ya kama hanyar gida.

A wata Kirsimeti Yaya ya ga katin asibitin Mama a kan tebur. Ya ɗaga shi da yatsu biyu, ya tambayi wa ke ba ta magani.

“Likita na ne, na Kafanchan,” in ji Mama. Hausar Mama ta kasuwa da majami'a ce, mace da namiji duk “kai” ne a bakinta.

“Haba Mama! Wannan ai likitar zazzaɓi ce. Yau ta duba jariri, gobe ta duba tsoho, jibi ta ɗinke wanda ya faɗo daga babur. Mutum ɗaya ya iya wannan duka? Ba ta ƙware a komai ba ke nan. Ina raye ba za ki riƙa bin layi a irin wannan wuri ba. Konsaltan za ki gani, babban likita ƙwararre.”

Ina zaune ina yanka albasa. In faɗa muku gaskiya ma daɗi na ji, na ce a raina yau uwata za ta shiga sahun waɗanda ake kai wa Abuja. Bayan sabuwar shekara ya tafi da ita, ta yi mako guda, ta dawo da farar leda da umarnin kada ta ƙara taka wancan ɗan asibiti. Ƙanwata kuwa ba za ta yarda a ce Yaya ne kaɗai ya haifu ba. Ba a yi wata biyu ba ta zo ta ɗauki Mama zuwa Jos, wai a duba mata gwiwa. Ta dawo da shuɗiyar leda.

Saura ni, malamar firamare da ba ta da ko keke. Abin ya tsaya mini a rai. Sai na kama wata ɗabi'a, duk Asabar kafin in hau acaba zuwa Kagoro sai in biya wani kemis kusa da tashar jirgin ƙasa in saya mata maganin ciwon gwiwa. Mai kemis ɗin Ibo ne da aka haifa a gidajen ma'aikatan jirgi, Hausarsa ta fi tawa fita. Wata rana ya riƙe ledar bai miƙo mini ba, ya ce, “Malama, wannan da kike saya duk sati, likita ya san da shi?” Na ce masa, “Oga, maganin ciwon jiki ne fa, ba wani abu ba.” Na karɓi baƙar ledata na wuce, har ina mita a hanya wai mutum ya cika shisshigi.

Kafin ruwan farko ya sauka Mama ta fara canzawa. Da fari jiri ne, in ta tashi daga kujera sai ta dafa bango. Sai barcin rana, matar da take cewa barcin rana na malalata ne. Wata Asabar na iso na tarar da tukunyar gwate ta ƙone ƙurmus a murhu, ita kuma tana gefe tana gyangyaɗi. Ta ɗago ta kalle ni, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina ƙarama. Na yi dariya a gabanta, amma da na shiga ɗaki sai da na zauna a bakin gado.

Sai ranar Lahadin da ta faɗi a majami'a. Matan zumunta sun fito gaba da ankonsu za su yi waƙa, Mama ta miƙe za ta gyara zaman tulunta, sai kawai ta tafi luu ta faɗa kansa. Goshinta ya tsage, tulun da ta yi fiye da shekara ashirin tana bugawa ya tarwatse. Wani ma'aikacin jinya a unguwa ya ɗinke goshin, amma bakin mutane ba mai iya ɗinke shi. Wasu suka ce tsufa ne, kai ya juye. Wasu suka rage murya suka ce a bincika, ba banza ba, tun da 'ya'yanta suka fara samu ai dole a sa mata hannu. Fasto ne kaɗai, Allah ya saka masa, bayan ya yi addu'a ya ce mu koma asibiti. Muka ce masa ai ta ga manyan likitoci har biyu.

Yaya ya yanke hukunci ta waya. Ya ce ya bincika, ciwon mantuwa ne na tsofaffi, ba ya warkewa, sai dai kullum ya ƙaru. Zai zo ranar Lahadi mai zuwa, Litinin da sassafe ya tafi da ita Abuja. Ya gyara mata ɗaki a bayan gidansa, zai ɗauki wata mata ta riƙa tsaron ta. Za a kulle gidan Kagoro, a rabar da kaji, a ba wani ɗan'uwanmu gonar. Ƙanwata ta ce haka ya dace. Ni ma na yarda, kada in yi muku ƙarya.

Allah da ikonsa, a Juma'ar wannan makon tari ya kama 'yata, na kai ta wurin likitarmu. Ta duba ta, ta rubuta magani, har mun miƙe sai ta ce, “Malama, ina Mama? Tun kafin Kirsimeti ban gan ta ba. Na aika saƙo ta wata 'yar majami'arku, ban ji amsa ba.”

Kunya ta kama ni. Na ce, “Likita, ai Mama sai addu'a. Tsufa ya kama ta, ta rikice. Jibi ma Yaya zai zo ya ɗauke ta.”

Ta ajiye biron da ke hannunta. “Tun yaushe ta rikice?”

“Kamar wata uku.”

“Matar da ta zauna a kujerar nan bara ta lissafa mini jikokinta da ranakun haihuwarsu? Tsufa ba ya yin wannan aikin cikin wata uku. Ki kawo mini ita Litinin da safe, tare da duk abin da take haɗiya. Kada ki zaɓa. Na asibiti, na kemis, na gargajiya, har wanda maƙwabciya ta ba ta, ki kwaso duka. In kuma ta ƙara faɗuwa kafin nan, kada ki jira Litinin.”

Ranar Lahadi bayan sujada Yaya ya iso da motarsa, ya fara sa kayan Mama a jaka. Ita tana zaune a kan turmi a bayan gida, kusa da kabarin Baba, da filasta a goshi. Ranar hankalinta ya ɗan dawo, kuma da ma bai dawo ba, don da ba ta ji abin da ta ji ba. Ta ce, “Wa zai share wurin babanku? Irin citta na yana ajiye, ruwa ya kusa. Ku bar ni a gida na. In kun kai ni can, a akwati za ku dawo da ni.”

Yaya bai ko kalle ta ba. Ya juyo gare ni ya ce da Turanci kada in biye mata, ba ta san abin da take faɗa ba. A gabanta! Uwar da ta yi dakon citta a ka zuwa kasuwa har ya gama jami'a, yau ita ake magana a kanta kamar buhun masara. Mama ba ta jin Turanci sosai, amma ta san lokacin da aka mayar da ita ba kowa ba. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Nan ne wani abu ya taso mini tun daga ciki. Na ce, “Yaya, motar nan ba za ta kama hanyar Abuja ba sai mun biya wurin likitarta. In ka ƙi, sai dai ka bi ta kaina.” Tunda aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya yi tsaki, ya ce in dai don in huta ne za mu biya, minti goma, tunda a kan hanya ne.

Da safe na tambayi Mama ina magungunanta. Ta nuna mini ƙarƙashin gado. Na jawo wani kwandon kaba da take zuba amfanin gonar da za ta kai baiko majami'a a ciki lokacin godiyar kaka, an rufe shi da tsabtataccen ɗankwali. Nauyinsa ya ba ni mamaki, amma ban buɗe ba. Muka shiga mota, jakunkunanta suna but a bayan mota, kwandon yana cinyata.

Da muka shiga ofis likita ta taso ta riƙe hannun Mama biyu. “Mama, kin guje ni.” Mama ta kalle ta ta ɗan jima, sai fuskarta ta washe. “Likita na! Ba ni ba ne, yara ne.” An riga an ɗora fayil ɗin Mama a kan tebur, tsoho ne mai kauri, gefensa duk ya lanƙwashe. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota. Likita ta ce masa, “Yallaɓai, ga kujera. Rabona da kai tun jinyar Baba.” Dole ya zauna.

Ba ta yi gaggawa ba. Da Mama take magana, ba da mu ba. Ta tambaye ta me take ci da safe, wa ke ɗebo mata ruwa, tana azumi tare da matan zumunta ko ta daina, fitsari ya ƙaru ko ya ragu, jirin yana zuwa ne tana zaune ko sai ta miƙe. Ta kwantar da ita ta auna jininta, sannan ta ce ta tashi tsaye ta sake aunawa. Kafin ta gama awon na biyu Mama ta fara tangaɗi, sai da muka tare ta. Likita ta kalli abin awon, ta kalle mu. Ta ɗauki kwandon ta yaye ɗankwalin, ta kife shi a kan tebur.

Leda huɗu ne, kowace an ɗaure bakinta da kyau. Fara, shuɗiya, baƙa, sai wata tsohuwa ta asibitin da muke ciki. Likita ta kwance su ɗaya bayan ɗaya, tana karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalayen, tana ware su kashi-kashi. Sai ta jera kwali uku a gaban Yaya, kowanne da launinsa da sunansa.

“Yallaɓai, karanta mini abin da aka rubuta a ƙasan babban sunan.”

Ya karanta na farko, ya karanta na biyu, a na uku muryarsa ta yi ƙasa. Magani ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta. Na farko shi ne ƙwayar da likita ta ɗora ta a kai tun da daɗewa, wadda Mama ta ci gaba da aikawa a sayo mata da tsohon kwali. Na biyu daga Abuja. Na uku daga Jos, inda aka auna ta bayan doguwar tafiya da hawan bene, aka ga jinin ya hau, aka rubuta mata. Ban da su akwai maganin sa fitsari daga Abuja, akwai kuma na barci daga Jos, don ta ce musu ba ta iya barci, alhali baƙunta ce ta hana ta.

Likita ta juya ga Mama a hankali. “Mama, wanne kike sha a cikin waɗannan?”

“Duka.”

“Duka kullum?”

“Kullum. Da safe na Likita, da na babban yaro. In rana ya ɗaga, na auta. Na Malama kuma in ƙafa ya dame ni.” Ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, kamar mu ne muka rikice. “Duka yara na ne. Kowa ya sha wahala ya kawo. Na wa zan ƙi? In na bar na wani, ya zo ya ga nashi bai ragu ba, zai ce ba na son shi.”

Ashe abin da muka kira ciwon mantuwa, uwa ce take raba ƙauna daidai tsakanin 'ya'yanta, kamar yadda take raba mana nama muna yara. Ba ta manta ko ƙwaya ɗaya ba, kuma rashin mantuwar ne ya kusa kashe ta.

Yaya ya ce, cikin muryar da ban san shi da ita ba, “Amma Mama, me ya sa ba ki gaya wa konsaltan kina shan wani magani ba?”

“Ya tambaye ni? Da kai ya yi magana, da Turanci. Ni ya ce in buɗe baki, in rufe baki.”

Wannan maganar har yau tana ci mini rai. An kai tsohuwa gari biyu, an sa ta cikin inji, an ɗebi jininta, an ɗauki hoton gwiwarta, amma ba a samu mutum ɗaya da ya dube ta ya ce, “Mama, me kike sha a gida?” ba. Kuma su 'ya'yan da suka kai ta, da aka tambaye su, me suka sani? Yaya bai san sunan ƙwayar da take sha ba, ƙanwata ba ta san an ba ta komai a Abuja ba. Kowa ya yi tasa bajintar a ɓoye don kada wani ya raba lada da shi.

Ina zaune ina huci, ina harar Yaya, ina jin ni ce gwarzuwar ranar. Sai likita ta jawo baƙar leda.

“Wannan fa, wa ya kawo?”

Na ce, “Ni ce, Likita. Amma na ciwon gwiwa ne kawai.”

“Tun yaushe?”

Na faɗa mata. Ta ce, “Malama, sauran sun saukar mata da jini, sun sa ta jiri da barci, in an gyara za su sake ta. Wannan naki, ga mai shekarunta, kuma a haɗe da maganin fitsari, ƙoda yake taɓawa. Shi na fi jin tsoro. Bari mu ga abin da gwajin jini zai nuna.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Fuskar mai kemis ta faɗo mini, da tambayar da ya yi mini na ce ya cika shisshigi. Wadda na ce muku na fi jin haushinta, ga ta nan, ni ce.

Gwaji ya nuna gishirin jikinta ya yi ƙasa, ƙodar kuma ta fara gajiya. Aka ba ta gado. Yaya ya ce ko a wuce da ita Abuja a yi mata a can. Likita ta ce a yanzu doguwar tafiya ba ta dace da ita ba, kuma abin da take bukata akwai shi a nan, in ya fi ƙarfinta ita da kanta za ta tura ta da takarda. Ta karɓi lambar likitan zuciya na Abuja a jikin takardar Yaya, ta kira shi a gabanmu, suka yi magana cikin mutunci, suka daidaita a kan abin da za a bari da abin da za a janye. Da ta ajiye waya Yaya ya fara zagin mutumin, sai ta tsayar da shi.

“Kada ka zage shi, ya san aikinsa. Zuciya aka kai masa, ya duba zuciya. Na Jos an kai masa gwiwa. Ni ma ina tura musu marasa lafiya, ba na iya abin da suke yi. Amma dole a samu wanda ke riƙe da mutumin gaba ɗaya, wanda za a fara zuwa wurinsa, kuma a dawo masa da duk abin da aka rubuta a wani wuri. Aikina ke nan.” Sai ta jawo abin awo. “Kai ma miƙo hannunka. Abin da ya kwantar da Baba yana bin gida, kuma na ga yadda kake haki tun da ka shigo.”

Ya miƙa, ba musu. Jininsa ya fi na kowa hawa a ɗakin. Mutumin da ya zo minti goma, sai ga shi da la'asar yana layin karɓar kati a asibitin likitar zazzaɓi.

Kwana uku Mama ta yi a kwance. Maganin barcin ma ba a yanke mata shi lokaci ɗaya ba, a hankali aka janye. Aka sallame ta da ƙwaya biyu kacal, da man shafawa na gwiwa, da wani motsa ƙafa da aka koya mata. Yaya da hannunsa ya sauke jakunkunan daga but ya mayar ɗakinta. Ba a yi wata guda ba na iso wata Asabar na ji muryarta tun daga bakin hanya, tana yi wa masu shuka mata citta faɗa wai sun rage mata ciyawar rufe shuka. Na tsaya a bayan katanga na yi kuka mai isata. Da kaka matan zumunta suka haɗu suka saya mata sabon tulu. Ta ce muryarsa ba ta kai ta tsohon ba, amma tana bugawa.

Ƙodar ce ba ta koma yadda take ba. Ta tsaya, ba ta ƙara lalacewa ba, amma har yau ana bin ta da gwaji, kuma akwai magungunan da Mama ba za ta ƙara sha ba har abada. Wata rana muna ɓarar gyaɗa na daure na ce, “Mama, ki yafe mini. Maganin da na riƙa kawo miki ne ya taɓa miki ƙoda.”

Ta yi dariya ta ce, “Kai, bar wannan magana. Naka ne ma ya fi aiki. Kuma na san kai ba ka da mota, da ɗan albashi naka ka ke saya. Shi ya sa naka biyu-biyu na ke sha, don ka ga yana ƙarewa, ka ji daɗi.”

Na ci gaba da ɓarar gyaɗa ban ma ganin abin da ke hannuna.

Abin da na koya ban koye shi da arha ba, jikin uwata ne ya biya. Tsohonka ba fagen gasa ba ne, kuma magani ba tsaraba ba ne. Manyan likitoci suna da ranarsu, amma kowane gida yana bukatar likita ɗaya da ya san shi, wanda ya san ciwon da ya kashe uba, ya san abin da uwa ke haɗiya, wanda zai lura in ta yi wata uku ba ta zo ba ya tambaya. Mu mun samu irin wannan, muka raina ta saboda ofishinta ƙarami ne kuma tana kusa da gida. Yanzu duk wanda zai kai Mama wani asibiti sai ya biya ya karɓi takarda a wurin likitarta, in sun dawo kuma can za a fara sauka kafin Kagoro. Kwandon kaba ya koma aikinsa na baiko. Ni kuwa duk Asabar in zan hau acaba, lemo da burodi nake riƙe mata.